Mutumin da Ya Tsaga Ƙiftawar Ido

Assalamu alaikum wa rahmatullah, 'yan'uwa.

Jiya bayan isha'i ina tilawar Suratun Nahli, na iso aya ta 77, inda Allah Maɗaukaki Yake cewa al'amarin Sa'a, wato tashin Alƙiyama, bai zama ba face kamar ƙiftawar ido, ko ma ya fi kusa. Sai na tsaya cak a kan wannan "ko ma ya fi kusa". A wurinmu ai ƙiftawar ido ita ce ƙarshen sauri. Nan take wani bawan Allah ya faɗo mini a rai, Farfesa Ahmed Zewail na Masar, malamin kimiyyar sinadarai wanda ya ƙare rayuwarsa yana leƙen abin da ke faruwa a lokacin da ƙiftawar ido ta yi wa tsawo nesa ba kusa ba.

An haife shi a Damanhur a 1946, ya tashi a garin Dasuk a bakin kogin Nilu. Yana yaro shi da abokansa sukan yi sammako zuwa masallacin Sidi Ibrahim, su yi salla, su zauna nan su yi bitar karatun makaranta. A gida kuwa an liƙa wata takarda a ƙofar ɗakin karatunsa mai ɗauke da "Dakta Ahmed", alhali ko sakandare bai gama ba. Iyaye, ku duba wannan da kyau. Wane suna muke kiran 'ya'yanmu da shi in ranmu ya ɓaci? Shi da kansa ya ba da labarin yadda ya ɗauki ɗan rishon da mahaifiyarsa ke dafa gahawa da shi, ya haɗa da bututun gilashi a ɗakin kwanansa, don kawai ya ga yadda itace ke rikiɗa ya koma iska mai kamawa da wuta.

Ya yi digiri a Jami'ar Iskandariya, ya tafi Amurka ya yi digirin digirgir a Jami'ar Pennsylvania, a 1976 ya fara koyarwa a Caltech, wata jami'ar kimiyya da fasaha da ke jihar California. A can ne ya kama wani ma'aunin lokaci da ake kira femtosakan. Ka ɗauki sakan ɗaya ka raba shi gida biliyan, kowane gida ka sake raba shi gida miliyan. Guda ɗaya a ciki shi ne femtosakan. Matsayinsa a gaban sakan ɗaya kamar matsayin sakan ɗaya ne a gaban shekara miliyan 32. Subhanallah.

Kafin shi, masana suna ganin abin da suka zuba a kwalba, suna ganin abin da ya fito, amma tsakiyar lamarin, inda ƙwayoyin zarra ke sakin juna su kama wasu, a rufe take. Sai ya yi dabara da wani irin haske mai ƙarfi da na'ura ke fitarwa, wanda ake kira leza: walƙiya ta farko ta tayar da sinadarin, ta biyu ta biyo baya ta ɗauki hotonsa. A 1987 shi da ɗalibansa suka kalli wani sinadari yana rabewa cikin femtosakan kusan 200. A 1999 aka ba shi kyautar Nobel shi kaɗai, Balarabe na farko da ya same ta a fannin kimiyya.

Ba kyautar ce ta sa na rubuta wannan ba. Abin da ya biyo bayanta ne.

Mutum ya samu suna, ya samu kujera a ƙasar da ba abin da ya rasa. Da ya miƙe ƙafa ya huta, ba mai zarginsa. Amma ya dage sai an gina wa yaran Masar jami'a da cibiyar bincike irin wadda shi sai da ya ƙetare teku kafin ya samu. An aza harsashi a Janairun 2000, sai aikin ya kwanta. Shekara 11 yana zarya tsakanin Amurka da Alƙahira, yana magana, yana rubutu, yana ganawa da matasa, har aka farfaɗo da shi a 2011. Wanda ya saba ƙirga lokaci da femtosakan, shi ne ya yi haƙurin shekara 11 a kan alheri guda.

Mu kuwa fa? Manzon Allah (SAW) ya ce ni'imomi biyu ne mutane da yawa ke tafka asara a cikinsu: lafiya da sarari. Ni da nake wannan rubutu, da kai da kake karantawa, a waya muke. Mun san sa'o'in da take cinye mana. Da yawanmu mun taɓa buɗe darasin kyauta ga yaran unguwa, ko muka ce za mu riƙa horar da su ƙwallo da yamma don kada su faɗa shaye-shaye. Wata biyu, yara suka yi ƙaranci, ba wanda ya ce sannu, muka naɗe tabarma. Ni ma na taɓa yi, kuma har yau in na haɗu da wani yaro daga cikinsu ya durƙusa ya ce "Malam, yaushe za a dawo?" sai kunya ta rufe ni.

A hadisin da Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira, idan ɗan Adam ya mutu aikinsa ya yanke sai abu uku: sadaka mai gudana, ilimin da ake amfana da shi, da ɗa nagari mai yi masa addu'a. Ba a ambaci lambar yabo ba. Zukata kuwa Allah ne Ya san abin da ke cikinsu, mu zahiri muke gani.

Jami'ar da ke ɗauke da sunansa ta karɓi ɗalibanta na farko a 2013. Ranar 2 ga Agusta 2016 ajali ya riske shi a Amurka yana da shekara 70, aka kawo gawarsa Masar aka yi masa sutura. Bai ga bikin yaye waɗannan yara ba.

Allah Ya jiƙansa, Ya sa ilimin da ya bari ya bi shi kabari. In tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani.