Ka koma gida da fanshonka, harajin Amurka na biye da kai

Duk inda 'yan uwanmu da suka fara furfura a Amurka suka zauna, a wurin suna ko bayan sallar Juma'a, zancen ɗaya ne: "Ni dai da na ajiye aiki sai gida." An riga an sayi fili a Kano ko Maraɗi ko Kumasi, an buga dala da naira, an ga abin zai wadata har da ragowa. Wanda ba a cika sa wa a lissafin ba shi ne IRS, hukumar harajin Amurka, wadda ba ta sallamar mutum don ya hau jirgi. A ganina, yawan fanshonka ba shi ne babban abin da ke yanke maka haraji ba. Takardun da ke jakarka ne: fasfo, katin zama, da takardar aure.

Wanda ya yi aiki a Ingila ko Kanada, in ya tattara ya koma gida ya yanke zama, ya fita daga hannunsu ke nan, sai dai harajin kuɗin da ke fitowa daga can. Su wurin zama suke dubawa. Amurka kuwa ɗan ƙasa take dubawa. Muddin fasfonta na hannunka, ko katin zaman dindindin da muke kira girin kad, to duk abin da ka samu a duniya sai ka sanar da ita a fom 1040, ko a Gusau kake ko a Madina. Kotun Ƙolinsu ta tabbatar da wannan tun 1924, kuma in ka cire Eritiriya ba ka samun wata ƙasa mai irin wannan bin diddigi. Masu burin ƙarasa rayuwa a Saudiyya saboda ba a karɓar harajin kuɗin shiga su lura, an gudu ne ba a tsira ba. Amma a yi adalci: Ingila na daskarar da fanshon gwamnati na wanda ya koma Najeriya, ba ƙari har ya mutu, alhali fanshon tarayyar Amurka, wato Soshiyal Sikiyoriti, ƙarin tsadar rayuwa na shekara-shekara yana bin ka duk inda kake. A 2025 kashi 2.5 cikin 100 aka ƙara.

Akwai wata magana da ke yawo, wai in kana zaune a waje ana yafe maka harajin dala dubu ɗari da wani abu. Rangwamen gaskiya ne, a 2025 ya kai dala 130,000, a fom 2555 ake nemansa. Sai dai na albashi ne da ladan aikin da ka yi a wajen Amurka. Fansho ba ya ciki ko na sisi. Hanya ta biyu ita ce fom 1116, inda ake rage maka harajin da ka biya wa wata ƙasa. Ita ma tana da tarko: tana rage harajin kuɗin da tushensa ke waje ne, fanshon aikin da ka yi a Amurka kuwa tushensa Amurka ne.

Abin da ke warware irin wannan sarƙaƙiya shi ne yarjejeniyar haraji tsakanin ƙasashe, kuma a nan ne muka yi rashi. A Afirka ƙasashe huɗu kaɗai ke da ita da Amurka: Masar, Maroko, Tunisiya da Afirka ta Kudu. Ba Najeriya, ba Nijar, ba Gana, ba Kamaru, ba Chadi, ba Sudan. Dubi bambancin: Ba'amurken da ya yi ritaya ya zauna a Jamus, Ingila, Kanada ko Masar, Amurka ba ta taɓa fanshonsa na tarayya, ta bar wa ƙasar da yake. Wanda ya zauna a Faransa kuma akasin haka ne, Amurka ce ke karɓa, Faransa ta janye hannu. Ko ta wane gefe, sau ɗaya ake yanka. Kai da ka koma Zariya ba ka da wannan laima, dokar kowace ƙasa na aiki a kanka ita kaɗai.

Bari mu sa lamba, da alƙaluman 2025. A ɗauki dattijo ɗan shekara 67 mai fasfon Amurka, yana karɓar dala 24,000 a shekara daga fanshon tarayya, yana cirar 18,000 daga asusunsa na 401(k), wato asusun ritaya na wurin aiki. Kuɗin 401(k) da na IRA na gargajiya, asusun ritaya da mutum ke buɗe wa kansa, ba a biya musu haraji ba lokacin zubawa, saboda haka ana lissafa su kamar albashi ranar cirewa. Fanshon tarayya kuwa da ma'auninsa: a haɗa rabinsa da sauran kuɗin shiga. Ga marar aure, in jimlar ba ta kai 25,000 ba, ba haraji. Daga nan zuwa 34,000 har rabin fanshon na iya shiga, sama da haka har kashi 85 cikin 100. Ga ma'auratan da suka cike tare, iyakokin 32,000 ne da 44,000. Tun 1984 da 1994 ake amfani da waɗannan lambobi, ba a taɓa ɗaga su don tsadar rayuwa ba.

In dattijon nan ba shi da aure, jimlarsa 30,000 ce, dala 2,500 kacal na fanshon tarayya za su shiga lissafi. Kuɗin shigarsa ya zama 20,500. Rangwamen kowa da kowa 15,750 ne, da ƙarin 2,000 na wanda ya kai 65, da sabon 6,000 na tsofaffi da dokar 4 ga Yulin 2025 ta kawo daga 2025 zuwa 2028. Rangwamen ya haɗiye kuɗin. Harajinsa sifili.

To ga inda gizo ke saƙar. A ce mutumin nan yana da iyali a gida, Hajiya ba ta taɓa zama Amurka ba, ba ta da fasfo ba ta da kati, suna zaune gida ɗaya a Kano. A idon IRS shi mai aure ne da ke cikewa shi kaɗai, kuma wanda ke wannan rukuni, in ya zauna da matarsa ko da kwana ɗaya ne a shekarar, iyakarsa ba 25,000 ba ce, sifili ce. Nan take kashi 85 na fanshon, dala 20,400, ya shiga. Kuɗin shiga ya tashi 38,400. Sabon 6,000 ɗin nan ba ya samu, don sharaɗinsa ma'aurata su cike tare, ƙarin tsufa ma ya sauka zuwa 1,600. Abin da ya rage 21,050, harajinsa kusan dala 2,290. Mutum ɗaya, kuɗi ɗaya, aure kawai ya shigo. Mai wannan rukuni kuma dole ya cike fom ko da dala 5 ya samu a shekara.

Akwai magani, amma da ɗacinsa. Doka ta yarda ka zaɓi a ɗauki matarka a matsayin mazauniyar Amurka don haraji kawai. Za ku rubuta sanarwa ku sa hannu ku biyu, a nema mata lambar haraji da fom W-7, ku cike tare. A misalinmu jimlar 30,000 ba ta kai 32,000 ba, rangwamen ma'aurata kuma 31,500 ne, haraji ya koma sifili. Ɗacin shi ne duk abin da Hajiya ke samu ya shigo hannun IRS: ribar shagon atamfarta, hayar gidan gadonta, komai. In ba ta da wata sana'a mai ƙarfi, zaɓin riba ne tsantsa. In 'yar kasuwa ce, a zauna da takarda da biro tukuna, domin wanda ya janye zaɓin ba ya sake yin sa har abada.

Yanzu mai girin kad, wanda ni shi na fi tausaya wa. Mutane na ɗauka in katin ya ƙare a aljihu ko an daɗe ba a koma ba, an rabu da haraji. Ba haka ba ne. Hukumar shige da fice na iya cewa ka yi watsi da zama, IRS kuwa tana nan tana lissafa ka har ranar da ka miƙa katin da fom I-407. Ka rasa ikon shiga, wajibin haraji na wuyanka. In kuma ka miƙa, ka zama baƙo, ana yanke kashi 30 daga kashi 85 na fanshon tarayya tun kafin ya iso, wato kashi 25.5. A kan 24,000 ɗin nan dala 6,120 ke nan kowace shekara, ba rangwame, ba maidowa. Kamfanin da ke riƙe da 401(k) shi ma zai riƙe kashi 30, wato 5,400, sai ka cike 1040-NR, fom ɗin harajin baƙi, ka nemi abin da ya wuce ƙa'ida. Baƙon da ya yi wata shida cur a waje ma ana iya tsayar masa da fanshon gaba ɗaya, sai in ƙasar fasfonsa na cikin waɗanda aka keɓe, kuma ga ƙasashe da dama sharaɗin shi ne zaman shekara 10 ko maki 40 na aiki a lissafin fanshon tarayya.

Wanda ya riƙe katin shekara 8 cikin 15 na baya, miƙa shi na iya jawo harajin fita. Yana hawa kan mai dukiyar dala miliyan 2, amma yana hawa kan talaka ma in ya kasa shaida a fom 8854 cewa ya cika ƙa'idar haraji shekara biyar a jere. In ya hau ka, ana ɗaukar duk IRA ɗinka kamar ka cire shi a rana ɗaya. Shi ya sa nake ganin duk wanda ya cancanci zama ɗan ƙasa kuma yana shirin komawa gida da fansho, ya karɓi fasfon kafin ya tafi. Wahalar cike fom kowace shekara ta fi sauƙi a kan rabuwa da kwatan fansho.

A gida lamarin daban ne, kuma a takarda ya fi tausayi. Sashe na 173 na tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ce ba a karɓar haraji a fanshon ma'aikacin tarayya, sashe na 210 ya faɗi haka ga na jiha, dokar fansho ta 2014 kuma ta keɓe abin da ke fita daga asusun ritaya da ma'aikaci ke zuba kashi 8, mai aiki ya zuba 10. Matsalar ɗan fansho a gida ba haraji ba ce, jiran kuɗin ne. Amma wanda ya yi koyarwa shekaru a Najeriya kafin ya zo Amurka ya sani: wannan fanshon da Abuja ta yafe, Amurka ba ta yafe ba, sai ya shiga 1040 a dala. Daɗin abin, dokar Amurka da aka sa wa hannu ranar 5 ga Janairun 2025 ta soke ragin da ake yi wa fanshon tarayya saboda mutum na karɓar wani fanshon daga aikin waje. Sabuwar dokar harajin Najeriya da ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026 tana ɗaukar wanda ya yi kwana 183 a ƙasar a matsayin mazauni, hukumar tara haraji ta jiharka ce kuma ke da kai. Ka je musu da takardun fanshonka na Amurka, ka karɓi matsayinsu a rubuce, ba na baka ba.

Sauran ƙananan abubuwa ne, amma su ke kayar da mutane. In kuɗin asusunka na wajen Amurka, na naira da na dala a haɗe, suka haura dala 10,000 ko na rana ɗaya, sai ka cike FBAR, fom ɗin sanar da Amurka asusun waje, ta intanet. Kuɗin ginin gida kaɗai ya isa ya tsallake da kai. Mazaunin waje na da har 15 ga Yuni ya cike 1040, amma kuɗin ruwa na fara hawa daga 15 ga Afrilu. Cire kuɗi kafin shekara 59 da rabi na jawo tarar kashi 10. Daga shekara 73, ko 75 ga wanda aka haifa daga 1960, cirewa ta zama dole, wanda ya manta tararsa kashi 25 na abin da ya kamata ya cire. Kwashe 401(k) gaba ɗaya don a gina gida shi ne kuskure mafi tsada, domin yana cilla ka saman matakan haraji a shekara guda, ya kuma ja fanshon tarayya zuwa kashi 85. A rarraba shi shekaru. Jihohi ma akwai masu naci: dokar tarayya ta hana jiha taɓa fanshon wanda ba mazauninta ba, amma Kaliforniya da Bajiniya za su ce kana nan muddin lasisin tuƙi, rajistar zaɓe da adireshi na wurinsu. Wanda ya yi shekaru bai cike ba bisa rashin sani, akwai ƙofar afuwa: fom na shekara uku, FBAR na shekara shida, ba tara ga mazaunin waje.

Wanda ya fara karɓar fanshon tarayya da wuri, tun yana 62, ya buɗe shago a gida, ya sani cewa in aikin ba wanda ake biya wa harajin Soshiyal Sikiyoriti ba ne, duk watan da ya yi aiki sama da awa 45 kafin cikar shekarun ritaya ana riƙe kuɗin wannan watan. Tantance 'yan fansho ma ba a gida kaɗai ake yi ba. Hukumar fanshon na aiko da fom SSA-7162 ta gidan waya, shekara-shekara ko bayan shekara biyu, don ta tabbatar kana raye. Ambulan ne fari marar kwarjini, irin wanda ke kwana wata uku a akwatin gidan waya na wani ƙane da ya daina dubawa. In bai koma ba, kuɗin na tsayawa, kuma sau da yawa ranar da banki ya yi shiru ne mutum ke sanin an aiko.