Allurar ciko a fuska ba ta hana rigakafi

'Yan'uwa mata na Agege, Idi-Araba da Obalende, ana ta yaɗa cewa wadda aka yi wa allurar ciko a leɓe ko kumatu, ita da rigakafi sai dai kallo. Maganar tana da tushe, amma an zuzuta ta.

A gwajin rigakafin korona na kamfanin Moderna a 2020, cikin mutum kusan 30,000 da suka shiga, uku masu ciko ne fuska ko leɓe ya kumbura musu cikin kwana biyu, kuma kumburin ya saɓe. Rigakafi yana tayar da garkuwar jiki, ita kuwa idan ta tashi takan far wa baƙon abin da ke ƙarƙashin fata, ko da ya yi watanni a wurin. Mura mai tsanani da cirar haƙori ma suna jawo hakan.

Tsarin da likitoci da dama ke bi shi ne rigakafi tukuna, a jira mako biyu, sannan ciko. Idan ciko ya riga, a bar tazarar mako biyu kafin allurar da za ta iya jira, kamar ta sanƙarau don aikin Hajji ko ta cutar shawara don katin tafiya. Amma cizon kare ko sukar ƙusa ba a jira, ranar za a je. Botox kuwa sassauta tsoka yake yi, ba ciko ba ne.

Idan wurin ya kumbura, kada ki matsa, kada ki gasa. Likita yakan ba da maganin alaji ko sitiroyid na 'yan kwanaki, amma sai ya tabbatar ba ƙwayar cuta ba ce, domin ja da zogi da mugunya maganinsu daban, sitiroyid ƙara dagula su yake yi. Harshe ya kumbura ko numfashi ya sarƙe, a garzaya asibiti nan take.

Abin da ya fi damuna shi ne yawan matan da ba su san me aka zuba musu ba. Cikon hyaluronic acid ana narkar da shi da allurar hyaluronidase. Silikon ba ya narkewa, fitar da shi sai tiyata, ita ma ba lallai ta kwashe duka ba. Don haka kafin allura ta taɓa ki, ki ga kwalin da lambar NAFDAC, ki rubuta sunansa da ranar, ki tambayi rajistar wurin da HEFAMAA, hukumar da ke sa ido kan asibitoci a Jihar Legas. Ranar rigakafi kuma ki faɗa wa nas kina da ciko, ba abin kunya ba ne.