Tarkon da na ɗana wa ɗan ƙanwata

Ƙarambani ne ya kai ni. Duk mai hankali in fararen 'ya'ya, masu fara taku, suka faɗo masa a wasan ces (darar Turawa), sojan gaban sarki ko na gaban sarauniya yake turawa, zuwa gidan e4 ko d4 (kowane gida a allon da harafi da lamba ake kiransa), don ya kama tsakiyar fili. Ni kuwa na ce wannan hanya ta cika jama'a. Sai na tsinto wani salon buɗe wasa mai suna Grob, sunan Henri Grob ɗan ƙasar Suwizalan, wanda har littafi ya rubuta a kansa a 1942. Sojan gaban dokin ɓangaren sarki ake turawa gida biyu, g4, kamar wanda ya ɓata hanya.

Kwana uku ina hadda. Mai baƙaƙe zai tura d5, bishof ɗinsa, ɗan wasan da ke tafiya a karkace, ya hango sojana ba mai tsaro. Ni in yi kamar ban gani ba, in ajiye nawa bishof a g2. Kwaɗayi ya sa ya cinye, sai in tura c4, sarauniyata ta fito b3 ta sa sojan b7 a gaba. Ko daga barci aka tashe ni sai na zayyano shi tas.

Wanda na ɗana wa tarkon ɗan ƙanwata ne, shekararsa 11, sau biyu yana cinye ni a gaban uwarsa. Na gyara zama na dangwala g4.

Ya kalli allo, ya kalle ni. "Kawu, hannunka ne ya zame? Ka mayar, ba komai."

Na ce yi wasanka yaro.

Ya tura e5. Wannan fa babu shi a haddata! Na laluba ƙwaƙwalwa, wayam. Sojan nan nawa na g4 babu ma mai barazanar cinsa a lokacin, amma tausayinsa ya kama ni, na tura masa ɗan'uwa f3 ya tsare masa baya.

Yaron nan bai ko yi tunani ba. Ya ɗauki sarauniya ya dire ta a h4.

Na nemi inda sarki zai gudu, nasa sun kewaye shi. Na nemi mai tare hanya, ashe sojojin biyu da za su tare ni da hannuna na kore su gaba. Taku biyu kacal, wasa ya mutu.

Na yi gyaran murya na ce dama gwada shi nake yi. Ya ce, "To Kawu. Ai wannan mutuwar har suna gare ta." Na ce mene ne sunan? Ya sunkuyar da kai yana jera sojoji, ya ƙi faɗa.

Da dare na duba a waya. Mutuwar wawa ake ce mata.