Abuja ba ta shirya ba tukuna

Na karanta labarin cewa birnin Ahmedabad na Indiya ne zai karɓi gasar ƙasashen Commonwealth ta 2030, Abuja kuwa ta sake rasawa. Wallahi abin ya yi mini zafi, don wannan ne karo na biyu. A 2007 ma Glasgow ta kayar da mu a neman ta 2014.

Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya. Garin da ya cancanci babbar gasa shi ne wanda baƙo zai sauka filin jirgi, ya hau jirgin ƙasa, ya isa masauki da filin wasa ba tare da wahala ba, wuta ba ta ɗauke ba. Ku dubi Maroko: tun 2018 jirgin ƙasa mai gudun tsiya ke haɗa Tanja da Kasablanka cikin awa biyu da 'yan mintoci. Shi ya sa aka ba su damar karɓar gasar Kofin Afirka ta 2025, kuma za su karɓi gasar Kofin Duniya ta 2030 tare da Sifaniya da Fotugal.

Mu fa? Filin Abuja mai ɗaukar mutum dubu 60, da aka gina don gasar Afirka ta 2003, ciyawarsa ta sha lalacewa, har Super Eagles suka koma buga wasanninsu a Uyo. Na kalli wasa a filin Sani Abacha na Kano lokacin gasar 'yan ƙasa da shekara 17 ta 2009, jama'a maƙil, ana ta kiɗa. 'Yan kallo muna da su. A gyara Kano da Kaduna da Abuja, a riƙa kula da su kullum, sannan a sake nema.