Ga Ta Nan, Ina Take?

Shekara 11 ina koyarwa a sakandare, aji mai ɗalibai 70 bai taɓa kaɗa mini hanta ba. Shi ya sa ranar sunan ɗan ƙanwata a Jahun, da Yaya Binta ta ce, "Malam, riƙe mana yaran nan mu gama suyar masa," na ce a kawo su. Su tara ne, babbarsu shekararta huɗu.

Na shimfiɗa tabarma a zaure, na gyara murya: "Ga ta nan, ga ta nanku!"

Tsit. A zamaninmu kafin ka rufe baki an amsa, "Ta zo mu ji ta." Sai Ummi ta leƙa bayana, ta ɗaga gefen tabarma, ta ce, "Kawu, ina take?" Sauran takwas suka bazu neman ta, ɗaya har da leƙa randa.

Da ƙyar na tattaro su na ɗauko Gizo da Ƙoƙi. Na zage ina tsamin bakin Gizo, ina ce wa raƙumi "yaƙumi", ina jiran a fashe da dariya. Ko murmushi babu. Ashe su ma haka suke faɗa. Abba dai ya ja hannun rigata: "Kawu, sa mana a waya."

Na koma kukan dabbobi. Akuya ta karɓu, zakara ma har da tafi. To, kai ya kumbura, sai na yi kura. Kura ta gaske, irin ta tsakar dare. Hanifa ta tsala ihu, kuma kukan yara wutar kara ne, kafin ka ce kwabo zaure ya kama.

Don in kashe wutar na durƙusa na ce ni giwar Yankari ce. Kuskuren da ya fi kowane ke nan. Shida suka hau bayana lokaci guda, biyu suka kama kunnuwana, na taran ya samo tsintsiya ya zama makiyayi. Sau biyu na je Yankari, ban taɓa ganin an yi wa giwa wannan wulaƙanci ba.

A haka Inna ta same ni. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kai da karatunka, wa ya ce maka ana tatsuniya da rana? Mai yi ɓacewa yake."

Ta zauna ta miƙe ƙafa, ta fara tafi a hankali da wata 'yar waƙa da ba ta wuce baiti biyu ba. Ita ce dai take ta maimaitawa, sai dai kowane zagaye ta sa sunan yaro ɗaya, mai sunan ya taɓa hancinsa. Kowa ya nutsu yana jiran a zo kansa. Tana rage murya suna langaɓewa ɗaya bayan ɗaya. Ban san wa ya zo bayan Abba ba, don ni ma a nan aka rasa ni.

Kiran la'asar ya tashe ni. An cinye masa, an zane mini goshi da kwalli. Ni dai ban ɓace ba, amma takalmina na hagu sai washegari aka tsamo shi a randa.