"To, me aka ba ka?"

Tun ranar Lahadin da na dawo daga gasar nan ta iyo da keke da gudu, duk wanda ya leƙo shagona a unguwar Nima da ke Accra, Ghana, tambayarsa ɗaya ce. Kawuna ne ya fara yi mini ita, yana zaune a bencin ƙofar shago da carbi a hannu. Ya dubi lambar ƙarfen da na rataye jikin keken ɗinki ya ce, "Ɗana, duk wahalar nan da ka sha wata takwas, me aka ba ka?" Na ce, "Kawu, ga shi nan kana gani." Ya juya ta gaba da baya, ya ce, "Magidanci da iyali, kana gudu a titi kamar an biyo ka. Allah ya shirya." Ban ja da shi ba, don ba a ja da babba. Amma maganar ta tsaya mini a rai, shi ya sa nake wannan rubutu.

Sunan wasan tirayatlon. Wasa uku ne a haɗe, babu hutu a tsakani: ka yi iyo, ka fito ka hau keke, ka sauka ka yi gudu. Wanda na shiga shi ne gajeren, na 'yan sha'awa irina: iyo mita 750, keke kilomita 20, gudu kilomita 5. Na gasar Olamfik ya ninka wannan sau biyu cif, mita 1,500 da kilomita 40 da kilomita 10, kuma sai a shekarar 2000 a birnin Sidni na Ostireliya aka fara saka shi a Olamfik. Asalinsa ma ba ƙwararru suka ƙirƙiro shi ba. 'Yan wata ƙungiyar gudu ne a San Diego ta Amurka suka shirya shi a 1974, mutane masu sana'o'insu, don su gwada jikinsu. Har yau mafi yawan masu shiga irin waɗannan gasa a duniya da kuɗinsu suke biyan rajista, su gama su koma bakin aiki ranar Litinin.

Mu a zango ba mu san wasa ta wannan fuska ba. Wasa a wurinmu hanyar fita ce daga talauci. Yaro ya buga ƙwallo a filin Kawukudi, a yi ta addu'a Allah ya ɗaga shi kamar yadda ya ɗaga Mohammed Kudus daga Niman nan. Maƙwabtanmu na Bukom su kuma dambe ne, tun zamanin Azumah Nelson. Wannan duk alheri ne, ina alfahari da shi. Illar kawai, ranar da yaro ya gane Turai ba za ta kira shi ba, ranar yake rataye takalmi. Daga nan sai zaman shago, sai tuwon zafi da dare, sai shayi mai sukari cokali huɗu. Shekara arba'in ba ta cika ba an fara jigilar asibiti. Ni kaina haka ta faru da ni. Shekara ashirin ina duƙe kan keken ɗinki, baya ya riƙe, likita ya auna ni ya ce jinina ya fara hawa.

Keke da gudu ba su ba ni tsoro ba. Keken gwanjo na saya, na sa aka canza masa taya da sarƙa da birki. A gasar 'yan sha'awa ba a tambayar kuɗin kekenka, lafiyarsa ake dubawa, da hular kwano, wadda in ba ka da ita ba za ka hau ba. Ina fita da an sallame Asuba, kafin motocin haya na trotro su cika hanya, don duk wanda ya san tuƙin Accra ya san mai keke ba shi da gata. Ranar Asabar kuma mu nufi Ayi Mensah mu hau tudun nan da ya miƙe zuwa Peduase da Aburi, inda za ka tarar da jama'a maza da mata, har da masu furfura, suna hawa a ƙasa.

Ruwa ne ya kusa mayar da ni gida.

Shekarata 41 ban taɓa sa fuskata cikin ruwa ba in ba a alwala ko wanka ba. An haife ni a garin da teku ke bakinsa, daga Nima zuwa Labadi tafiya kaɗan ce, amma an raine mu da cewa ruwa ba sa'an kwando ba ne. Hajiyarmu ko bakin babban kwalbatin Nima ta ji an gan ka da damina, ranar sai ka sha bulala. Ba laifinta ba ne, ta ga abin da ruwa ke yi. Ranar farko da mai koyarwa ya ce in riƙe bakin kwamin iyo in nutsa kai in fitar da numfashi ta hanci, ƙirjina ya ɗaure, hannuna ya ƙi sakin ƙarfen. Mako uku muka yi a kan abu ɗaya: shaƙa ta baki, fitar cikin ruwa. Sai wata safiya ya sa tafin hannunsa ƙarƙashin ƙeyata ya ce in kwanta rigingine in dubi sama. Ruwa ya toshe mini kunnuwa, hayaniya ta ɗauke, ina jin bugun zuciyata kawai. Can na waiga na gan shi tsaye nesa da ni, ashe ya daɗe da janye hannun. Huhu in ya cika da iska shi ke ɗaga mutum, firgita da fafutuka su ke nutsar da shi. Shekara 41 babu wanda ya taɓa gaya mini wannan.

Ranar gasa a kwami mai tsawon mita 50 muka yi iyon, wato sai ka ratsa shi sau 15. A na shida wani ya shure ni a kafaɗa, na kwankwaɗi ruwa, tsohon tsoron nan ya taso mini gaba ɗaya. Na juya rigingine, na ja numfashi sau biyar, na koma. Da gangan ake sa iyo a farko, saboda wanda ya gaji a kan titi zai iya tsayawa ya zauna, wanda ya gaji a ruwa kuwa ba shi da wurin zama. Na fito jiri na ɗibana, na ruga inda aka jera kekuna, agogo bai tsaya ba. Doka ce sai ka ɗaure hular kwano kafin ka taɓa keke, hannuna kuma rawa yake, sai a karo na uku maɓallin ya shiga. Keken ya zo da sauƙi. Saukowa daga kansa ne wahala: cinyoyi sun saba da juya feda, sai ka ce su yi gudu, su yi nauyi kamar an ɗaura musu buhun siminti. Kilomita ɗaya na yi kafin ƙafafuna su dawo nawa. Wani dattijo da ya girme ni nesa ba kusa ba ya zo wuce ni, ya dafa bayana ya ce mu je tare, muka jera har ƙarshe. Awa ɗaya da minti hamsin da 'yan kai na yi, kuma da yawa sun riga ni.

To ga abin da aka ba ni, Kawu. Jinina ya sauka, ina tsayuwar sallar dare ba ciwon baya. Sannan yau in ɗana ya zame cikin ruwa, ba ihu kaɗai zan tsaya yi a baki ba.

Nan ne zuciyata take. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum 300,000 ne ruwa ke ci a shekara, yara da matasa sun fi yawa a ciki, kuma nahiyarmu ce ta fi kowacce yawan abin in aka auna da yawan jama'a. Duk bayan Sallah samarinmu na cika motoci su tafi bakin teku, yawancinsu ba su iya ko kwanciya a kan ruwa ba. Tekun Accra kuwa yana da igiya mai jan mutum zuwa ciki. Wanda aka koya wa ya san ba a kokawa da ita, gefe ake bi a layin gaɓa har a fita daga bakinta. Wanda ba a koya wa ba zai yi ta turjiya har ƙarfinsa ya ƙare. Hana yaro zuwa ruwa bai hana shi zuwa ba, sai dai ya je a ɓoye kuma bai iya ba. Kakanninmu da suka ce iya ruwa fidda kai sun san abin da suke faɗa, kuma malamanmu na yawan kawo maganar da ake dangantawa ga Sayyidina Umar cewa a koya wa yara iyo da harbi da hawan doki. Muna jin ta a wa'azi mu gyaɗa kai, amma makarantar Islamiyya nawa ce ta taɓa kai ɗalibanta koyon iyo?

Na san uzurorin, kuma ban raina su ba. Akwai kuɗi, akwai nisa, akwai batun tsiraici. Na ukun nan ya fi sauƙin warwarewa: ni da wando mai rufe gwiwa da riga na yi gasata babu wanda ya tanka, mata kuma akwai kayan iyo masu rufe jiki duka. Na kuɗi da nisa sai an haɗa hannu. Akwai wurin iyo a Bukom, akwai a jami'ar Legon, ga kuma wanda aka gina a Borteyman don wasannin Afirka da aka yi a nan a watan Maris na 2024. Ƙungiyoyin samarin da ke iya tara kuɗin anko da kiɗan Sallah za su iya ɗaukar mota ɗaya da mai koyarwa ɗaya, su nemi awa guda ta maza da awa guda ta mata. Ni zan ɗinka wa yara goma na farko kayan shiga ruwa kyauta, wanda ke da niyya ya same ni.

Ɗana mai shekara tara ya fara, makonsa na huɗu ke nan. Ƙanwarsa ce Hajiya ta ce sam, ba da jikarta ba. Na ce, "Hajiya, ki zo ki gani da idonki, in kin ce a'a bayan nan, magana ta ƙare." Ta yi shiru, sannan ta tambaya ko akwai inuwa a wurin. Asabar mai zuwa da ita za mu tafi, in sha Allahu, zan ɗaukar mata kujera.