Nasiha Ga Mai Wanke Kwanuka Da Yake Bin Gari-Gari

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Wannan nasiha tawa ga ɗan'uwana ne da yake aikin wanke-wanke a gidajen sayar da abinci, wanda idan ya yi 'yan watanni a wannan gari sai ya ɗaure jakarsa ya nufi wani, yana cewa yana neman abin da zai ba rayuwarsa ma'ana. Mutane sun saba yi wa irinsa kallon wanda ya rasa abin yi. Ni kuwa ina ganin akwai alheri mai yawa a hannunsa, akwai kuma haɗarin da ya kamata a faɗa masa ba tare da kwana-kwana ba.

Game da aikin kansa, babu abin kunya a cikinsa. Buhari ya ruwaito daga Miƙdam ɗan Ma'adikarib cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce babu wanda ya taɓa cin abincin da ya fi wanda ya ci daga aikin hannunsa, kuma Annabi Dawuda ya kasance yana ci daga aikin hannunsa. Shi kansa Manzon Allah ya yi wa mutanen Makka kiwon tumaki a kan ɗan lada kaɗan. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Abin da ya bambanta wanke-wanke da sauran ayyukan gidan abinci shi ne babu mai ganinsa. Mai girki ana yaba masa, mai kai abinci ana yi masa godiya, amma kai kana can baya a gaban ruwan zafi da tururi, yatsunka sun yi fari sun yamushe saboda sabulu, ƙugunka yana ciwo saboda tsayuwa, faranti kuma yana zuwa a kan faranti har dare ya raba. A daidai wannan lokacin ne, idan kwanuka sun taru kuma mai gida yana faɗa, zuciya take raya maka cewa ka tsoma cokali a ruwa ka fid da shi, ai ba wanda zai lura da ɗan maiƙon da ya maƙale tsakanin haƙoran cokali mai yatsu. Gaskiya ne ba wanda zai lura. Sai dai wannan cokalin zai shiga bakin mutumin da ba ka san shi ba, wataƙila yaro ne, wataƙila marar lafiya ne, kuma sanannen abu ne cewa cututtuka irin su kwalara da zazzaɓin taifot suna bin gurɓataccen abinci da ruwa. Idan ka canza ruwan ɗauraya da ya yi dauɗa, ka sake goga soso a gindin tukunyar da ta kama, ka jira kwano ya tsane kafin ka jera shi, to ka aikata ihsani kamar yadda ya zo a hadisin Jibrilu: ka bauta wa Allah kamar kana ganinsa, idan ba ka ganinsa to Shi yana ganinka. Mutane da yawa suna wahalar neman aikin da riya ba za ta shiga cikinsa ba, kai kuwa an ba ka shi kullum.

Abubuwa biyu ne za su iya ɓata maka wannan ladan. Na farko salla, domin lokacin Magariba da Isha shi ne lokacin da gidan abinci ya fi cika. Ka yi maganar salla da mai gida tun ranar da ake ɗaukarka aiki, kada ka bari sai aiki ya kankama, kuma ka ajiye tufa mai tsarki a gefe. Na biyu halaccin wurin. Idan gidan yana sayar da giya ko naman alade, kada ka yanke wa kanka hukunci, ka je wurin malami ka bayyana masa ainihin abin da hannunka yake taɓawa. Muslim ya ruwaito labarin mutumin da ya yi doguwar tafiya, gashinsa a hargitse, jikinsa duk ƙura, yana ɗaga hannu sama yana cewa ya Ubangiji, ya Ubangiji, alhali abincinsa haram ne, abin shansa haram ne, tufafinsa haram ne, to ta yaya za a amsa masa? Matafiyi ne fa aka kawo a hadisin, wanda ake sa ran karɓar addu'arsa.

Tafiya kuwa Allah ya halatta ta. A aya ta 15 ta Suratul Mulk ya ce ya hore mana ƙasa, mu yi tafiya a sassanta mu ci daga arzikinsa, sannan ya rufe ayar da cewa zuwa gare Shi ne tashi yake. Hausawa ma sun ce tafiya mabuɗin ilimi. Amma ka tambayi kanka tsakaninka da Allah: nema kake yi ko gudu? Salmanul Farisi ya bar garinsu a yankin Isfahan, ya bi Sham da Mausil da Nasibin da Ammuriyya, aka yaudare shi aka sayar da shi bawa, har ya isa Madina. Bai bar wani gari don gundura ba. Yakan zauna da malaminsa har mutuwa ta raba su, sannan ya nufi wanda aka yi masa wasiyya da shi, kuma da ya sami gaskiyar da yake nema sai ya tsaya a kanta. Wanda kuwa yake tashi duk lokacin da aka fara saninsa, ko bashi ya taru, ko wani ya fara dogara da shi, to sabon gari ba zai ba shi abin da tsohon ya kasa ba shi ba, domin da zuciyarsa ya tafi.

Ƙissar Annabi Musa a Suratul Ƙasas ta fi kusa da halinka. Ya fita daga Masar a tsorace, ya isa ruwan Madyana baƙo ba shi da komai, ya shayar wa mata biyu dabbobinsu ba tare da neman lada ba, ya koma inuwa ya ce: Ubangijina, lallai ni mabuƙaci ne ga abin da ka saukar mini na alheri. Da aka zo ɗaukarsa aiki, shaidar da aka yi masa ita ce ƙarfi da amana. Aka ƙulla yarjejeniyar shekara 8, idan ya cika 10 kyautatawa ce daga gare shi, kuma Ibn Abbas ya ce mafi tsawon wa'adin ya cika. Sai bayan ya cika wa'adin, yana tafe da iyalinsa, aka kira shi a gefen dutsen Ɗuri. Saboda haka idan za ka bar wurin aiki, ka sanar da mai gida da wuri, ka biya abin da ake binka, kada abokan aikinka su wayi gari su tarar da tulin kwanuka babu kai babu labarinka.

Wasu sukan kafa hujja da hadisin Ibn Umar na ka kasance a duniya kamar baƙo ko mai ƙetare hanya. Hadisin yana magana ne a kan rage dogon buri, bai sauke wa kowa haƙƙin iyaye da mata da 'ya'ya ba. A Buhari da Muslim, Abu Huraira ya ruwaito cewa tafiya yanki ce ta azaba, tana hana mutum abincinsa da abin shansa da barcinsa, idan ya biya buƙatarsa ya gaggauta komawa ga iyalinsa. Idan kana da mahaifiya a raye, ka sanar da ita garin da kake da wurin da kake kwana, ka ware mata wani abu daga albashinka kafin ka ware kuɗin motar gari na gaba, kuma ka sanya mata ranar da za ta gan ka.